Ɗumi ba ya shiga ɗaki sai sanyi ya fita

An ɗauki wannan lacca da waya a zauren wata makarantar Islamiyya da ke Aboabo, Kumasi, cikin hunturu. Mai jawabin ɗan zango ne da ya daɗe yana aikin kafa kayan ɗumama gidaje a Amurka.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, iyayena mata da ke can baya, 'yan'uwana matasa, sannunku da fitowa cikin wannan hazo.

Da na ce zan yi magana a kan murhun ɗumama gida, ƙanena ya ce, "Yaya, a Kumasi? Mu da fanka muke nema?" Yana da gaskiya. Amma ku duba zauren nan, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko jika a Jamus, Italiya, Kanada ko Amurka. Kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar arewa ta sauko, na san tsofaffinmu na shigar da kurfoti ɗaki su ja ƙofa. Saboda mutanen nan biyu na tsaya gabanku.

A birnin Wusta na jihar Masacusets na zauna, inda 'yan Gana ke da yawa. Can a watan Janairu akwai daren da sanyi ke wuce digiri 10 ƙasa da sifili. Wani ɗan'uwanmu ya sayi tsohon gidan katako a bayan gari, da murhun ƙarfe mai cin itace a falo, bututunsa ya fita ta rufi. Ya kira ni yana kuka da murhun. Na je na tarar falo kamar bakin tanda, shi kansa daga shi sai singileti, ɗakin yara kuwa can ƙurya, suna kwance da hula da safa. Ya ƙara itace har ya gaji. Ya ɗora fanka a kan tebur tana hura zafi zuwa ɗakin, a banza.

Abin da na yi ɗaya ne. Na sauke fankar na ajiye ta a ƙasa, a bakin ƙofar ɗakin yaran, na juya fuskarta tana kallon murhu, na sa ta a lamba ɗaya. Ya ce, "Alhaji, ai ka juya ta baibai." Na ce mu sha shayi tukuna. Kafin mu yi sallar isha, yaran sun tuɓe huluna.

Ga dalili. Iska idan ta yi zafi nauyinta raguwa yake, sai ta haura ta manne a silin. Mai sanyi ta fi nauyi, tana kwanciya a ƙasa kamar ruwa a kwari. Ɗakin da kake gani wayam, cike yake taf da iska. Tulun da ya cika, ta ina za ka ƙara masa ruwa in ba ka rage ba? To haka ɗakin yaran nan. Da fanka ta fara janye sanyin da ke kwance tana kai shi gindin murhu, sai wuri ya samu, ɗumi ya biyo ta saman ƙofa da kansa ya cike gurbin. Sanyi na fita ta ƙasa, ɗumi na shiga ta sama, suna zagayawa. Ku gwada yau da dare. Ku kunna turaren tsinke a bakin ƙofar da ke tsakanin kicin mai zafi da waje. Ku ɗaga shi sama, hayaƙi zai yi waje. Ku sauke shi daf da ƙasa, zai yi ciki. Duk karatun da na yi a wannan sana'a, tushensa kenan.

Sauran dabarun rassa ne. Fankar silin ta can tana da ɗan maɓalli da ke juya tafiyarta, ta riƙa tura ɗumin da ya taru a sama yana gangarowa ta jikin bango ba tare da ta kaɗa wa mutum iska ba. Akwai ƙaramar fanka da ake ɗorawa a kan murhu, irin Ecofan da ake yi a Kanada, ba batir ba waya, bambancin zafin gindinta da na samanta ne ke ba ta lantarki. Tana taimakawa a falo, amma kada a yaudare ku, ba ta kai ɗumi ƙurya. A kafa murhu a tsakiyar gida kusa da matakala, a toshe kafofin taga. Wanda zai huda daɓen bene don ɗumi ya hau, ya fara tambayar hukumar kashe gobara, domin hanyar ɗumi ita ce hanyar wuta.

Yanzu ga inda na fi so ku saurara, musamman 'yan'uwana maƙera na Suwame. Ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin sakinsa. Wuta ta mutu ƙarfe biyun dare, asuba gida ya huce. Laka da dutse su ne masu riƙon amana. A 1767, lokacin da itace ya fara wuya a Suwidin, wasu 'yan ƙasar su biyu, Kronstet da Wirede, suka fito da murhun bulo wanda hayaƙi ke bin lunguna a cikinsa, ya hau ya sauka kafin ya fita, ya bar zafinsa a jikin ginin. A hura shi safe da yamma, ya wuni ya kwana yana fitar da ɗumi a hankali. Mutanen Rasha har kwana suke a kan nasu. Mutanen Koriya a ƙarƙashin daɓen ɗaki suke bi da hayaƙin.

Da na fara ganin wannan, kakata na tuna. Gadon ƙasa na ƙasar Hausa, wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ai shi ne. Mai biredi a nan zango da ke hura tanda, ya kwashe garwashin, sannan ya jera kwanonin biredi, da me yake gashi? Da zafin da laka ta ajiye. Kurfotin Gyapa da ya fi na ƙarfe zalla tattalin gawayi, sirrinsa lakar nan da aka gasa aka sa a cikinsa. Ilimin yana hannunmu tun da daɗewa.

Itace kuma sai busasshe. Ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, wutarka za ta ƙare wajen dafa ruwan. Ana so laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, wato a faskara shi a jera ya shekara. Ka buga biyu, in ka ji ƙara mai kaifi ya bushe. Ɗanye yana tara kunkunniya mai danƙo a bututu, ita ce ke kamawa da wuta, don haka a share bututu duk shekara, a kuma bar tazarar kusan mita ɗaya tsakanin murhu da duk abin da ke iya kama wuta.

(Wata dattijuwa ta yi tambaya: in an bari gawayi ya ruru ya daina hayaƙi, ba za a iya kwana da shi ba?)

Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan tambaya ita ta kawo ni. A'a, Hajiya. Murhun da nake ba ku labari yana da bututu, gubarsa waje take fita. Kurfoti ba shi da shi. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi yana fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid, ba launi ba wari. Jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci mai nauyi, mutum ya zaci zazzaɓi ne ya gyara kwanciya. In kika ga 'yan ɗaki ɗaya duk kansu na ciwo a lokaci guda, a fitar da su sarari nan take, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti, Komfo Anokye ko Manshiya, ko da sun ce sun ji sauƙi. Janareta ma haka take. 'Ya'yanku na Turai kuma, ku tambaye su a waya ko sun liƙa na'urar da ke ƙara idan iskar nan ta taru.

Ɗan buɗe taga bai isa a dogara da shi ba, domin mai barci ba ya gadin taga. In sanyi ya dame ki, Hajiya, a bar kurfotin a tsakar gida, a ɗora jan bulo biyu a gefen wutar su ɗauki zafi, a naɗe su da tsohon zane mai kauri, a sa miki wajen ƙafa. Ki fara taɓawa da bayan hannu, kuma kada a sa wa jariri ko mai ciwon sukari da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai. Akwai wata tambaya can baya? Bismillah, Malam, a miƙa masa abin magana.