Masuntan Turner Kusa da Sarauniya Bilkisu

Assalamu alaikum jama'a. Ku ɗan dubi hoton da ke jikin allon nan. Mai zanen Bature ne ɗan Ingila, J.M.W. Turner, ɗan wanzami da aka haifa a Landan a 1775. Ya fara nuna hoton a Royal Academy, cibiyar masu zane ta Landan, a 1807.

Me kuka fara gani? Rana ce, ko? Tana fitowa cikin hazo, fari-fari da ɗan ruwan ɗorawa, irin safiyar hunturu da za ka iya kallon rana ido bai yi maka zafi ba. Teku kwance take lumui. To, yanzu ku sauko da idonku bakin gaɓa. Ga masunta sun sauke kamun dare, an baje kifi a kan yashi, wasu na feɗewa, wasu na ciniki. Babu wanda ya ɗaga kai yana kallon wannan rana da ta ɗauke mana hankali. Aiki ne a gabansu, kifi kuwa ba ya jiran kowa.

Can baya, hazo ya kusa haɗiye manyan jiragen yaƙi. Ku tuna, shekara 2 kacal ke nan bayan yaƙin Trafalgar na 1805, Ingila tana tsaka da gwabzawa da Faransa ta Napoleon. Turner ya tura jiragen nesa, ya jawo masu ƙarnin kifi gaba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya riƙi hoton. Ya sayar wa Sir John Leicester, wani mai tara zane-zane, amma da aka yi gwanjon kayan mutumin a 1827, sai ya je ya sake sayen abinsa. Daga baya ya bar wasiyya cewa ya ba ƙasarsa hoton, tare da wani da ya zana na gina Carthage, tsohon birni a arewacin Afirka, bisa sharaɗin a rataye su kusa da zane-zanen Claude Lorrain, gwanin da ya fi girmamawa. Ɗaya daga cikin na Claude ɗin, na 1648, yana nuna Sarauniyar Saba, Bilkisu ke nan, za ta shiga jirgi zuwa wurin Annabi Sulaiman.

Turner ya rasu a 1851, an kuma cika masa wasiyyarsa a National Gallery, gidan adana zane-zane da ke Landan. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa abin magana.