Tashi ka ci, da sauran tafiya: lacca a mako na uku na Azumin kafin Ista

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Na baya, kuna jina? To madalla. Baba Katikis, a yi haƙuri a buɗe wancan tagar, zafin bazara ya fara leƙowa.

Abu uku zan taɓa, waɗanda Yesu ya jera a Matiyu sura 6: sadaka, addu'a, azumi. Amma bari in fara da tambaya. Ranar Larabar Toka wa ya samu wurin zama a cocin nan? Har bakin ƙofa mutane suka yi layi, aka shafa mana toka a goshi, tokar ganyen dabinon bara da aka ƙona, aka ce mana ƙura ne mu, ga ƙura za mu koma. To Juma'ar da ta wuce, a Hanyar Gicciye, addu'ar bin sawun Yesu zuwa gicciye, mutum nawa ne? Kun ga kowa ya sunkuyar da kai (dariya). Ba faɗa nake yi ba. Farkon azumi kowa jarumi ne. Mako na uku ne ke nuna mai haƙuri.

Na farko, azumi. Dokar ba ta da nauyi. Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Ubangiji, wanda ya cika shekara 18 bai shiga shekararsa ta 60 ba, ya ci cikakken abinci sau ɗaya, ya ɗan taɓa kaɗan sau biyu. Kowace Juma'a ta wannan lokaci, daga shekara 14, a bar nama. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne, cire Lahadi shida, saura 40. Shi ke nan.

Wannan 40 ɗin ya tuna mini da Annabi Iliya, kuma ku yi mini haƙuri, nan zan daɗe. Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19 in kun koma gida. Mutumin nan jiya-jiya ya tsaya a Dutsen Karmel shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama. Sai sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙo, gobe war haka ka mutu. Ya gudu. Annabi guda! Ya bar baransa a Biyersheba, ya yi tafiyar yini ɗaya cikin jeji, ya zube ƙarƙashin wani ɗan itace ya ce, ya isa haka, Ubangiji, ɗauki raina. Barci ya kwashe shi.

Me Allah ya yi? Bai tsawata masa ba. Mala'ika ya zo ya taɓa shi, tashi ka ci. Ga gurasa an gasa a kan duwatsu masu zafi, ga tulun ruwa daidai kansa. Ya ci, ya sha. Sai me? Ya sake kwanciya! Ku ji fa, ya sake kwanciya. Iyayena mata, kun san wannan, ki tashi yaro da asuba ya je ɗebo ruwa, kina juya baya ya koma tabarma (dariya). Mala'ika ya dawo karo na biyu. Karo na biyu! Ya sake taɓa shi, tashi ka ci, tafiyar ta fi ƙarfinka. Da ƙarfin abincin nan ya yi kwana 40 har Dutsen Horeb. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai jikina ya yi sanyi.

Kai da ka yi alkawarin barin giya ka sha ranar kasuwa, ke da kika ce za ki ja carbin Rosari kullum kika yi kwana biyar ba ki taɓa ba, Shaiɗan zai raɗa maka cewa an riga an ɓata, bari sai baɗi. Ƙarya ce. Je ka furta zunubinka gaban Fada, ka karɓi Jikin Ubangiji, ka ɗora daga inda ka tsaya. A Hanyar Gicciye tasha 14 ce, sau uku Yesu ke faɗuwa, ta uku, ta bakwai, ta tara, kuma sau uku yana miƙewa.

Na uku... a'a, na biyu ko? Addu'a. Minti goma da asuba kafin ka taɓa waya. A tara yara da dare. Lokaci na gudu. Sadaka kuma... Mama, kin ɗaga hannu, bismillah.

(Wata dattijuwa ta tambaya: mu da ba ma ganin nama sai Kirsimeti, me za mu bari ranar Juma'a?)

Mama, Allah ya saka miki, kin yi tambayar da ta fi laccar. Gaskiya ne, a yawancin gidajenmu tuwo da miyar kuka ne safe da yamma, ba abin ragewa. Allah bai ce ki ƙara wa kanki yunwa ba, haka mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga. Ishaya sura 58 ya ce azumin da Allah ke so shi ne a kwance wa wanda aka danne igiya, a raba abinci da mai yunwa. In za ki auna dawa, ki ɗebi tafin hannu ɗaya ki zuba a wata ƙwarya daban. Kafin Ista ta taru, ki kai wa gwauruwar da ke bayan gidanku. Kuma akwai matar ɗa ko maƙwabciya da aka shekara ba a gaisa ba. Mama, na ga kin yi murmushi, kin san ta ke nan. Ki riga ta gaisuwa gobe da safe.

Baba Katikis, Hanyar Gicciye ƙarfe nawa ranar Juma'a? Huɗu. Kowa ya zo da mutum ɗaya cikin waɗanda suka karɓi toka suka ɓace. Mu tashi mu yi Ubanmu wanda ke cikin sama.