Zaɓen Jami'ar da Za a Karanta Digirin Farko na Fiziks

Assalamu alaikum, 'yan uwa ɗalibai, da iyayen da ke kallo tare da ku. Wannan bayani na ɗalibin da ke shirin cike fom ɗin JAMB ne, wanda zuciyarsa ta karkata ga karatun fiziks, amma har yanzu bai tsayar da shawarar jami'ar da zai rubuta ba. Yawancinku da sunan jami'a kuke fara tunani, domin shi ne abin da ake ambata a gida da unguwa. Ni kuwa shawarata ita ce ku fara da sashen fiziks ɗin kansa, tun da a cikinsa za ku yi shekara huɗu, kuma jami'a tana iya yin suna a aikin likita ko shari'a alhali sashenta na fiziks yana fama da ƙarancin malamai.

Kafin komai, ku karanta sunan kwas ɗin da kyau a kundin JAMB. Digirin fiziks zalla daban yake da digirin koyar da fiziks, wanda ake yi a tsangayar ilimi, inda darussan koyarwa suke cinye wani kaso na lokacin ɗalibi. Akwai kuma fiziks da aka haɗa da ilimin na'urorin lantarki, da wanda ya karkata ga binciken abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kamar ruwa da mai da ma'adinai. A jami'o'in fasaha irin ta Minna karatun shekara biyar ne. A jarrabawar JAMB za ku rubuta Turanci da fiziks da lissafi, na huɗun kuma galibi kemistiri ne, sannan ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO. Ku tabbatar kuma cewa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta tantance wannan kwas ɗin a wannan jami'ar, domin kwas-kwas ake yin tantancewar, kuma wanda ya gama kwas marar amincewar hukuma yana iya samun cikas wajen tafiya bautar ƙasa.

Tun da NUC ta fito da sabuwar manhaja a ƙarshen shekarar 2022, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa ta bar wa kowace jami'a kashi 30, jerin darussan fiziks a takarda ya yi kama da juna ko'ina a Nijeriya. Saboda haka takarda ba za ta nuna muku bambanci ba. Bambancin yana wurin waɗanda ke koyarwa da kuma kayan da ake koyo da su.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne sashen lissafi. Wanda ya shigo fiziks saboda sha'awar taurari ko wutar lantarki zai tarar tun daga aji biyu cewa da lissafi ake faɗin komai, kuma idan ya kai aji uku, inda ake shiga ilimin kwantum (nazarin halayen ƙwayoyin zarra da abin da ya fi su ƙanƙanta) da ka'idojin lantarki da maganaɗisu, duk wanda kalkulas ɗinsa, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, bai zauna ba zai koma haddar abin da bai fahimta ba. Malaman sashen lissafi ne suke koyar da yawancin waɗannan darussa na tushe. Don haka idan kuna bincike, ku tambayi yadda ake koyar da lissafin aji ɗaya da aji biyu, ko ɗalibai nawa ake tarawa a ɗaki guda, kuma ko akwai zaman bita inda ƙaramin malami yake warware tambayoyi tare da ɗalibai kaɗan. A ganina wannan zaman bita ya fi kyawun gini muhimmanci nesa ba kusa ba.

Sai ɗakin gwaje-gwaje. A nan kada ku dogara da hotunan da ke shafin jami'a. Idan da hali ku je da ƙafarku, ko ku nemi ɗalibin aji uku na sashen, domin shi ya daɗe har ya san gaskiyar wurin, kuma bai tafi ba balle ya manta. Ku tambaye shi mutum nawa suke haɗuwa a kan na'ura ɗaya, ko shi da hannunsa yake aune-aune ya rubuta sakamako, ko kuwa wani ne yake yi saura su kwafa. Ku tambaye shi abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, ko akwai janareta ko sola. Ku kuma ji ko ana koya musu rubuta manhajar kwamfuta, musamman da yaren kwamfuta na Python, saboda a yau da wuya a yi binciken fiziks ba da ita ba, kuma ita ce ke buɗe wa masu wannan digiri ƙofar ayyukan nazarin bayanai a bankuna da kamfanonin sadarwa.

Wasu jami'o'in suna da cibiyoyin bincike da suka ba su wata alƙibla. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana da cibiyar binciken makamashi, inda aka ƙaddamar da ƙaramin injin nukiliya na bincike mai ƙarfin kilowat 30 a 2004, na farko a Nijeriya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da cibiyar da ta daɗe tana aiki a kan makamashin rana, Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka kuma an san ta da nazarin sararin samaniya. Ga 'yan uwanmu na Nijar, Jami'ar Yamai sunan masanin fiziks take ɗauke da shi, wato Abdu Mumuni, wanda ya yi fice a binciken makamashin rana. Sai dai kada wani ya zaci ɗan aji ɗaya za a bari ya taɓa injin nukiliya. Amfanin irin waɗannan cibiyoyi yana zuwa ne a kaikaice: malaman da ke bincike a cikinsu su ne suke koyar da ku, a can za ku iya yin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke fita yi a tsakiyar karatu, kuma daga can ake samun maudu'i mai ma'ana na aikin binciken shekarar ƙarshe.

Yawan ɗalibai ma abin dubawa ne. A jami'o'i da dama sashen fiziks yakan cika da waɗanda suka nemi likitanci ko injiniyanci ba su samu ba, aka tura su nan. Wannan ba aibi ba ne, kuma wasunsu sukan so fannin daga baya. Amma wanda ya zo don fiziks yana bukatar sashen da malami zai san sunansa, domin idan ya gama yana neman gurbin ƙaro karatu a ICTP, cibiyar nazarin ka'idojin fiziks ta ƙasa da ƙasa da ke Tiriyesti a Italiya, wadda masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a 1964, ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, wasiƙar shaida daga malamin da ya san aikinsa za a nema, tare da cikakken sakamakonsa. Yana da kyau ku ji daga tsofaffin ɗalibai yadda jami'ar take wajen fitar da takardar cikakken sakamako a kan lokaci.

Batun kuɗi da nisa kowane gida ya san ƙarfinsa. Ku dai lissafa har da masauki da abinci da kuɗin mota, ku tuna cewa lamunin karatu na NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, wanda ya sa shekara huɗun mutane da yawa ta zarce.

Idan kun tsayar da shawara, ku sa wannan jami'a a zaɓi na farko, domin yawancin manyan jami'o'i waɗanda suka sa su a farko kawai suke kira tantancewar neman gurbi da ake yi bayan jarrabawar JAMB. Wanda ya riga ya cike fom kuma bincikensa ya nuna masa wani wuri da ya fi, JAMB tana ba da damar canja jami'a ko kwas, kuma ana yin hakan a cibiyoyin da ta amince da su kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewarta.