Boris ɗin da ke kashe injin Porsche 911

Ku dubi abin da ke hannun makaniken nan. Filtar baƙin mai ce da aka ciro daga Porsche 911, ya yanka takardarta ya shimfiɗa a ƙarƙashin fitila. Kun ga wannan ƙyalli-ƙyallin kamar an barbaɗa garin azurfa? Ya kai maganaɗisu kusa, burbushin ya manne. Ƙarfe ne ke nan, kuma akwai abin da ke cin kansa a cikin injin.

A motocin 911 samfurin 996 da Boxster samfurin 986, waɗanda aka ƙera daga wajen 1997 zuwa 2005, wanda ake fara zargi shi ne boris ɗin IMS. IMS wani sandan ƙarfe ne a ƙasan karanshaf, shi ke karɓar juyi ya miƙa wa sarƙoƙin da ke buɗe bawul da rufe su. A ƙarshen sandan, ta ɓangaren giyabos, nan boris ɗin yake zaune. Rufaffe ne, da girisinsa a ciki. Yau da gobe baƙin mai mai zafi ya ratsa murfin, ya wanke girisin, ƙwallayen su fara gugar juna a bushe. Ranar da ya watse, sarƙa ta tsallake, bawul ya haɗu da fistin. Shi ke nan, injin ya tafi.

Abin haushin, sau da yawa fitilar gargaɗi ba ta kamawa. Ko an jona na'urar bincike ta kamfanin, wato PIWIS, ba lallai ta nuna komai ba sai aikin gama ya gama. Shi ya sa ake yanka filta duk lokacin juyen mai. Idan kuma kun ga ɗigon mai a mahaɗar injin da giyabos, kada ku yanke hukunci tukuna. Sil ɗin bayan karanshaf, wato robar da ke tare mai, shi ma a daidai wurin yake yoyo, kuma nasa gyaran mai sauƙi ne.

Lamarin ya kai kotu a Amurka, inda aka yi sulhu a 2013 kan motocin 2001 zuwa 2005. Masu 911 samfurin Turbo da GT3 kuwa su kwantar da hankali, injinsu daban ne.

To, sayen kayan gyara, a nan mutane ke ƙona kuɗi. Boris ɗin iri uku ne. Na farkon yana da layin ƙwallaye biyu. Daga wajen 2000 aka koma mai layi ɗaya, wanda ya fi saurin lalacewa. A wajen 2006, a motocin da suka biyo baya, aka sa babba, shi kuwa ba ya fita sai an raba injin gida biyu. A shekarun canji, lambar shasi kaɗai ba za ta faɗa muku wanne ke ciki ba, balle idan an taɓa sauya injin. Sai an sauke giyabos an dubi murfin ƙarfen da ke riƙe boris ɗin daga waje: mai zurfin kwano na layi ɗaya ne, marar zurfi na layi biyu. Ku bari a duba kafin ku yi oda.

Sauran kayan kuwa a bi lambarsu a kundin kamfanin da ake kira PET, kada a ce ai sun yi kama. Boris na hannu dai, ko kyauta aka ba ku, ku bar shi. Kamfanin LN Engineering na Amurka yana yin mai ƙwallayen tangaran, kuma tunda an riga an sauke giyabos, a canza kuloci da sil gaba ɗaya, kuɗin aiki ɗaya ne.

Daga samfurin 2009 Porsche ta fito da sabon injin da babu wannan sandan sam.