Murhu mai tsimin itace da kasuwar kabon: yadda masana suka sake lissafi

Assalamu alaikum masu kallo. Murhun zamani mai tsimin itace da ake rabawa a ƙauyukan Afirka, kyauta ko a farashi mai rahusa, sau da yawa kuɗinsa daga kasuwar kabon yake fitowa. Mai gida ya karɓi murhu, ya sa hannu a takardar da ke miƙa wa kamfani haƙƙin hayaƙin da aka rage. Kamfanin kuma ya sayar da wannan ragi, a matsayin takardun shaida, ga wasu kamfanoni a Turai ko Amurka masu son a ce sun biya diyyar gurɓata iska da suke yi. Kowace takardar shaida ɗaya tana matsayin tan ɗaya na iskar kabon.

To ta yaya ake sanin tan nawa murhu ɗaya ya rage? Ba wanda ke tara hayaƙi ya ɗora a sikeli. Lissafi ake yi.

Da farko a ƙiyasta itacen da gida ke ƙonawa a shekara da murhun duwatsu uku. Sai a cire wanda yake ƙonawa bayan ya sami sabon murhu. Abin da ya rage shi ne tsimin. Tan ɗaya na busasshen itace yana fitar da kusan tan 1.7 na iskar kabon. Amma ba duka ake ƙirgawa ba, domin bishiyar da aka sassabe ta sake toho za ta zuƙe iskar da reshenta ya fitar. Kason itacen da ake sara fiye da yadda daji ke iya mayarwa, shi kaɗai ke shiga lissafi.

A nan ne kuɗi yake. Mu ɗauka, a misali, gida ya yi tsimin tan ɗaya a shekara. Idan kamfani ya rubuta cewa kashi 90 cikin ɗari na itacen yankin ba ya sake tsirowa, ya sami takarda ɗaya da rabi. Idan ainihin kason 30 ne, rabin takarda kawai ya cancanta. Murhun bai canza ba, lamba ɗaya aka taɓa, ciniki ya ninka sau uku. Binciken Robert Bailis da abokansa na 2015 ya gano cewa a ƙasashe masu zafi kashi 27 zuwa 34 ne kacal na itacen girki ke cikin wannan rukuni, alhali ayyukan raba murhu da dama sun daɗe suna rubuta 80 zuwa sama.

Matsala ta biyu tana cikin madafa. Sau da yawa lissafin takarda yana ɗauka an yi watsi da tsohon murhu. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san ba haka abin yake ba. Uwargida za ta ɗora miya a sabon murhu, amma tukunyar tuwon mutum goma sha biyar ba ta zama a kansa, kuma tuƙi yana buƙatar murhun da ba zai motsa ba. Ranar suna ko biki, duwatsu uku ake komawa. Da hunturu ana hura wuta don ɗumi da ruwan wanka. Wani gidan ma, ganin girki ya yi sauƙi, sai ya ƙara yawan ɗora tukunya. Masana tattalin arziki Rema Hanna, Esther Duflo da Michael Greenstone sun bi gidajen da aka ba sabon murhu shekara huɗu a jihar Odisha ta Indiya. A shekarar farko shaƙar hayaƙi ta ragu, daga baya ribar ta ɓace, domin murhu ya lalace ba a gyara ba, amfani da shi kuma ya ja baya.

Sai yadda ake tattara bayanai. Hanya mafi arha ita ce tambaya: "Kina amfani da murhun?" Wanda ya ba ka kyauta ya zo har gida yana tambaya, kunya kaɗai ta isa ta sa a ce masa e. Hanyar da ta fi ita ce ma'aikaci ya riƙa auna itacen gida da sikeli kullum, kwana uku ko fiye. Ita ma tana da aibi, tunda mutane kan gyara hali idan sun san ana kallonsu. Mafi inganci shi ne a liƙa na'urar auna zafi a jikin sabon murhu da tsohon, ko a yi lissafi da makamashin da aka sayar wa gida, mai rasit.

A watan Janairun 2024, Annelise Gill-Wiehl, Daniel Kammen da Barbara Haya na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa bincike a mujallar Nature Sustainability. Sun ɗauki ayyuka 51 a ƙasashe 25, suka cire lambobin kamfanoni suka sa waɗanda bincike mai zaman kansa ya samar. Takardun da aka fitar sun ninka ainihin ragin fiye da sau tara. Tsarin da ke dogara da auna makamashi kai tsaye shi ya fi kusa da gaskiya, ƙarinsa sau ɗaya da rabi ne. Masu harkar sun yi jayayya da wasu zato na binciken, amma tun daga nan hukumomin tantancewa suka shiga tsaurara ƙa'idojinsu.

Maganar ta kai kotu ma. A watan Oktoban 2024, masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayyar Amurka a New York suka tuhumi tsohon shugaban wani babban kamfanin raba murhu da zamba, bisa zargin an sauya alƙaluman binciken gida-gida don a sami ƙarin takardu. Hukumar Verra, wadda ta yi wa ayyukan rajista, ta soke miliyoyin takardun da aka fitar a kansu.