Malamar Cikin Waya: Kyan Fuska Ko Nunin Yatsa?

[Hoto: wayoyi biyu a jere, darasin lissafi iri ɗaya]

Ku dubi wayoyin nan biyu. A ta hagu, malama ce ƙirar kwamfuta, kamar ka taɓa ta: gashin ido, sheƙin fata, har numfashi take yi. A ta dama kuwa wani ɗan tsuntsu ne na zane, ido biyu da baki, shi ke nan. A wacce yaro zai fi saurin gane inda zai danna?

Da yawa za ku ce ta hagu, tunda ta fi kama da mutum. To, a nan ake yin tuntuɓe.

Kama da mutum iri biyu ce: akwai ta siffa, akwai ta hali. Mu tsaya a kan ta biyun.

[Hoto: malamar na murmushi, tana kallon yaron]

Ku lura da idon yaron. Fuskarta yake kallo, lambobin na can gefe. Haka aka halicce mu, ido ba ya ganin fuska ya wuce. Ga fuskar wayar ba ta fi tafin hannu ba, malamar ta cinye kusan rabi. Ƙwaƙwalwa kuma ɗan abu kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda, abin da masanin ilimin koyo John Sweller ya yi bayani a kansa tun 1988. Duk hankalin da ya tafi kan gashin ido, daga kason lissafi aka yanko shi.

Yanzu ku ga tsuntsun.

[Hoto a hankali: tsuntsu ya juya kai, ya nuna lamba da fiffike, ya yi shiru]

Ya juya, idon yaron ya bi shi. Ya nuna, yatsan yaron ya isa wurin. Sannan ya yi shiru. Wannan shirun, wallahi, ni shi ya fi burge ni. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya daɗe yana gwada irin wannan. Abin da ya gani shi ne, liƙa hoton mai magana kawai ba ya ƙara fahimta sosai. Amma idan hoton yana nuni da hannu, yana kallon abin da ake magana a kai, sai a ga bambanci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sauran da sauri.

A 1970 masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya ce abu na ƙara kama da mutum muna ƙara sonsa, har ya kai gab da zama mutum amma bai kai ba. A nan sai tsikar jiki ta tashi.

[Hoto: leɓen malamar ya makara, murya ta riga shi]

Kun gani? Wayar ce ta gaji, hoton ya mata nauyi. Tsuntsu idan ya makara ba wanda zai damu. Mutum kuwa, sai ka ce gawa ce ke magana. Kuma fuskar mutum alkawari ce: yaro zai zaci tana jinsa, ya yi mata tambaya, ta maimaita jumlar ɗazu.

Halin ma yana iya lalacewa. Manya, kun tuna Clippy, ƙarfen maƙale takarda mai idanu da Microsoft ya saka a manhajar kwamfuta ta Office 97? Ba fata, ba gashi, amma shisshigi kamar baƙon da ba a gayyata ba. Sai a Office 2007 aka rabu da shi gaba ɗaya.

[Hoto: hannu ya rufe malamar da guntun takarda]

Ga gwajin da nake yi. Na rufe ta da takarda, na miƙa wa yaro wayar. Ku duba, bai ma tsaya ba, ya ci gaba da lissafinsa, har ya fi sauri. Bari mu rufe tsuntsun.

[Hoto: yatsan yaron na yawo a sama, ya rasa inda zai sauka]