Firgicin da Ke Ƙin Barin Jiki

Laccar da wani likitan ƙwaƙwalwa ya gabatar wa 'yan Arewa mazauna Agege, Legas. An rubuto ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena sarakuna da malamai, iyaye mata da ke can baya, 'yan'uwana 'yan kasuwa da 'yan acaɓa, barkanku da yamma.

Bari in fara da wani saurayi da aka kawo mini a watan Disamba, zan sakaya sunansa. Kun san Disambar Legas, yara na ta fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga. Yana zaune a teburin mai shayi, kofi a hannu, sai aka fasa ɗaya a bayansa. Kofi ya yi gefe, shi kuwa ya shige ƙarƙashin benci yana ƙwala wa ƙaninsa kira. Ƙanin nan shekara takwas ke nan da aka harbe shi a gabansa a ƙauyensu, can Barno. Abokan ɗakinsa suka ce iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu, amma kullum tsakar dare sai ya farka jiƙe da gumi.

Wannan ciwo Turawa ke kira PTSD, mu ce firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. A Yaƙin Duniya na Ɗaya likitocin Ingila sun ga sojoji suna kyarma, wasu baki ya ƙi buɗuwa, alhali ba rauni a jikinsu, aka riƙa zargin wasunsu da ragwantaka. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta da wannan suna.

Mu nan ba sai an kai mu Biyetnam ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka ji da kunnensu ranar 27 ga Janairun 2002, lokacin da rumbun makamai na barikin Ikeja ya fashe. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, da yawa a magudanar ruwa ta Oke-Afa suka nutse garin gudu. Mako guda a tsakani, rikicin Idi-Araba ya ɓarke. Ga rikicin kasuwar Mile 12, ga haɗarin tanka, ga matan da aka yi wa fyaɗe suka yi gum.

To, me ke faruwa a cikin kai? Akwai wani ɗan yanki a ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, ku ɗauke shi kamar maigadi. Da ya hango haɗari sai ya busa usur, zuciya ta hau bugawa, jiki ya shirya gudu. Akwai wani kuma, hifokamfus, kamar magatakarda, shi ke rubuta cewa abu kaza ya faru a wuri kaza, ya kuma wuce. Idan firgici ya yi tsanani, aikin magatakarda yakan cakuɗe, maigadi kuma ya ƙi ajiye usur. Shi ya sa saurayin nan, a ƙarƙashin bencin mai shayi, a wurinsa yau ne ake harbin. Daga nan sai mugun mafarki, da gudun duk abin da zai tuno wa mutum, da saurin fushi har matarsa ta rasa gane kansa. In wannan ya haura wata guda yana hana mutum harkarsa, a nemi likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da mummunan tashin hankali a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne daga cikinsu ciwon ke kamawa. Me ya raba su da sauran? Girman abin da maimaituwarsa suna ciki. Amma bincike ya sha nuna cewa rashin majingina bayan abin ya auku yana cikin manyan dalilai. Nan ne abin ke ci mini rai. Yaro ya baro iyayensa, yana kwana a rumfa cikin mutum goma, ya buɗe baki sai a ce, "Kai ba namiji ba ne? Ina tawakkalinka?" Allah gafarta malamai, ku kuka karantar da mu cewa Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Wa ya isa ya ce imaninsa ya yi rauni? Ku ci gaba da addu'a, amma ku haɗa da turo mana su.

Ana warkewa. Maganin da ya fi tasiri na zama ne da ƙwararre, a bi labarin daki-daki cikin natsuwa har magatakarda ya rubuta cewa ya wuce. Wata hanya da aka gwada a sansanonin 'yan gudun hijira a Yuganda, igiya ake shimfiɗawa a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora dutse a kan kowace masifa, fure a kan kowane farin ciki, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan gudun hijirar da aka horar ma sun iya yi wa 'yan'uwansu. Akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline, likita ke rubutawa. Valium da ake saye a kemis don barci ba ya maganin wannan ciwo, tiramol kuwa ƙara dagula lamarin yake.

Saurayin nan mun yi zama goma sha biyu da shi. Ranar da ya ɗora dutsen ƙaninsa, ya kusa minti goma bai ce uffan ba, ni ma ban katse shi ba. Yanzu yana barci har asuba, ko da yake har gobe ba ya son Disamba.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Yaba, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, da ke Idi-Araba shi ma yana da sashen. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci ya tafi da wanda ya amince da shi ya yi masa tafinta. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, a miƙa mata makirfo.